Makarantu bakwai sun rataya a wuyana: in haɗa bayanansu a rumbu ɗaya?

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne a Zariya. Shekara uku da suka wuce na rubuta wa makarantar kawuna manhajar fitar da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta, da Laravel (kayan aikin rubuta manhajar intanet) da MySQL (manhajar rumbun bayanai, inda ake adana sunaye da maki da kuɗi). Labari ya bazu, yanzu makarantu bakwai ke amfani da ita, biyu daga ciki Islamiyya ne. Duk wadda ta zo sai in kwafi manhajar gaba ɗaya, in buɗe mata nata rumbun bayanai, in sassauya abin da take so. Yanzu ni kaina ban san wane gyara ke cikin wane kwafi ba. Ƙarshen zangon da ya wuce na ɗora fayil ɗin wata makaranta a kan na wata, katin sakamako ya fita da ma'aunin makin da ba nasu ba, yaran da suka ci suka ga sun faɗi, har wani uba ya je ofishin shugaban makaranta ya yi faɗa. Kwana uku ban runtsa ba. Abokina ya ce in zuba su duka a rumbu ɗaya kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Da kawu ya ji sai ya ce bai yarda bayanan ɗalibansa su zauna wuri ɗaya da na makarantar da suke gasa da ita ba, har ya ce ai manhajar tasa ce tunda a makarantarsa aka fara ta. Ga wasu makarantu huɗu suna jirana, ga aurena bayan Babbar Sallah. In haɗa, in bar abin yadda yake, ko in haƙura da sana'ar?

Wa alaikumus salam ƙanena.

Ba za ka bar sana'ar ba. Mutumin da makarantu bakwai suka amince da shi, huɗu kuma ke layi, ya riga ya tsallake abin da ya fi wuya, wato samun abin da mutane ke so har su biya kuɗi. Abin da ya rage gyaran gini ne, kuma ana yin sa.

Ka cusa tambaya biyu a buhu ɗaya, abokinka ma haka. Ta farko: kwafin manhaja nawa ya kamata ka riƙe? Ta biyu: rumbun bayanai nawa? Ka sake duba abin da ya faru ran nan. Ko bayanin yaro ɗaya bai tsallaka daga wannan makaranta zuwa waccan ba. Fayil ɗin lissafin maki ne ya sauka inda ba gidansa ba, domin kana da shi iri bakwai. Ciwon yana wajen manhajar, abokinka kuma ya kawo maganin rumbu. Da za ka bi shawararsa gobe, ka haɗa rumbunan ka bar kwafi bakwai, da ka ƙara wa kanka wata sabuwar masifa a kan tsohuwar.

Saboda haka aikin farko shi ne manhaja ta koma guda ɗaya tak, a ajiye ta a Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, kuma daga can kaɗai ake ɗora ta a kan saba, kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta a intanet. Daga yau ka haramta wa hannunka jan fayil ɗaya-ɗaya kana jefawa cikin saba da tsakar dare.

Na san abin da za ka ce: ai makarantun ba iri ɗaya ba ne. Gaskiya ne. Wata tana bin ma'auni irin na WAEC, A1 daga maki 75, F9 ga wanda bai kai 40 ba. Wata A zuwa F kawai take so. Wata tana ba gwajin cikin zango 40 jarrabawa 60, wata 30 da 70. Islamiyyun nan biyu na tabbata suna da hadda da tajwidi da fiƙihu, wataƙila ma mumtaz da jayyid jiddan suke rubutawa a kati maimakon haruffa. To ka lura, duk waɗannan bayanai ne, irin su sunan ɗalibi da ajinsa. Wurin zamansu tebur ne a cikin rumbu: teburin ma'aunin maki, teburin darussa, teburin saituna inda tambarin makaranta da launinta da taken da take sawa a ƙasan kati suke. Manhaja ta karanta daga can ta yi lissafi, ba tare da ta san sunan kowa ba. Ka riƙe wannan a matsayin ƙa'ida: duk ranar da ka ga hannunka yana rubuta "idan makaranta kaza ce, a yi kaza" a cikin kod, wato rubutun umarnin manhajar, ka tsaya, ka tambayi kanka wane saiti ne ya ɓace. In wata ta nemi sabon abu, ko dai ka gina shi da makunni yadda duk mai so zai kunna, ko ka ce mata a'a cikin ladabi. Yawan "to" da ka riƙa faɗa ne ya haifi kwafi bakwai.

Yadda za ka haɗa su ba sihiri ba ne, zama ne. Ka jera kwafin nan bakwai, ka sa manhajar kwatanta fayiloli ta nuna maka duk inda suka bambanta, ka ɗauki littafi da biro ka rubuta kowane bambanci da makarantar da ta nema. Za ka tarar rabinsu gyaran kuskure ne da ka yi wa wata ka manta da sauran, sauran kuma saituna ne. Teburan rumbunan ma sun riga sun sha bamban, wani yana da gurbin da wani ba shi da shi. Ka daidaita su su zama sura ɗaya ta hanyar fayilolin sauyin tebur da Laravel ke bayarwa, ba da hannu ba. Sai ka mayar da makarantun ɗaya bayan ɗaya a dogon hutu, ka fara da mafi ƙanƙanta, ta kawu ta zo ƙarshe. Kafin ka ce kowace ta koma, ka sa sabuwar manhajar ta sake lissafa sakamakon zangon da ya wuce, ka kwatanta da katunan da aka riga aka raba. In maki ɗaya ya saɓa, ba ka gama ba.

Yanzu ga tambayar rumbu. Hanya uku masu wannan sana'a ke bi. Akwai kowa da rumbunsa, wanda shi ne kake kai. Akwai rumbu ɗaya amma kowa da sashensa a ciki, wanda PostgreSQL, wata manhajar rumbu irin MySQL, ke iya yi; a MySQL sashe da rumbu abu ɗaya ne, don haka wannan bai shafe ka ba. Sai ta uku, wadda abokinka ke nufi: tebur ɗaya ga kowa, kowane layi ɗauke da lambar makarantar da ta mallake shi. Ka taɓa ganin tirela tana lodi a Dawanau? Buhunan mutum goma a mota ɗaya, kowane buhu da alamar mai shi da fenti. Kuɗin mota ya yi sauƙi ƙwarai, amma komai ya rataya ne a kan mai sauke kaya ya duba fentin nan a kowane buhu, kowane lokaci.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Kamfanin manhaja na Salesforce, da aka kafa a Amurka a 1999, a kan wannan tsari ya yi suna, kwastomomi masu ɗimbin yawa a tebura ɗaya, kowane layi da lambar kamfaninsa. Shopify na Kanada, mai buɗe wa 'yan kasuwa shaguna a intanet, shi ma lambar shago yake maƙala wa bayanai, sannan ya rarraba shagunan rukuni-rukuni a rumbuna daban-daban. Amma ka tambayi dalili. Wanda kwastomominsa suka kai dubban ɗaruruwa, mutum ya yi rajista da kansa cikin minti biyu, ba zai iya gina wa kowa rumbu ya kula da shi ba. Kuma suna da runduna ta injiniyoyi da ba su da wani aiki sai tsaron wannan katanga. Kai kana da bakwai, ka san shugaban kowace da fuska, kuma kai kaɗai ne.

Bari in ba ka abin da ya same ni. Shekarun baya na yi wa wasu shagunan magani manhaja a kan wannan tsari na tebur ɗaya. Ko'ina na sa tacewa da lambar shago, ban da wuri guda: rahoton ƙarshen wata, wanda na rubuta da gaggawa kai tsaye da SQL, yaren da ake tambayar rumbu da shi, don ya yi sauri. Wata rana bayan sallar isha'i wani dattijo mai shago ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce rahotonsa ya nuna ya sayar da wani maganin ciwon suga da bai taɓa sarowa ba. Da safe na same shi da takardar a kan kanta, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan maganin. Cinikin maƙwabcinsa ne na wata guda cif yake kallo. Layi ɗaya na manta. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, amma zuwa wajen maƙwabcin in gaya masa cewa wani ya ga sirrin kasuwarsa ta dalilina, wannan tafiyar har yau ina jin nauyinta. Ka sa makin yara da bashin kuɗin makaranta na iyayensu a madadin magani, ka ga abin da kawunka ke tsoro.

Akwai kuma abin da masu shawarar haɗewa ba su cika faɗa ba, wato ranar maido da bayanai. Wata rana akawun wata makaranta zai goge kuɗin zango guda bisa kuskure, ya kira ka yana rawar murya. In kowa da rumbunsa ne, ka ɗauko kwafin ajiyar daren jiya na wannan makarantar kaɗai ka mayar, kafin azahar an gama. In a haɗe suke, mayar da kwafin jiya zai shafe aikin yau na sauran shida, sai ka zauna kana tsintar layukan mutum ɗaya cikin na kowa. Wannan ba ƙaramin mai sana'a kaɗai yake kayarwa ba. A Afrilun 2022 kamfanin manhaja na Atlassian ya goge shafukan kwastomomi 775 bisa kuskure. Suna da kwafin ajiya, amma wasu sai da suka yi kusan mako biyu suna jira, domin maido da wani ɓangare na kwastomomi masu yawa ba tare da an taɓa na sauran ba abu ne da ba su riga sun tanadar masa hanya mai sauri ba.

Don haka ga hukuncina: manhaja ɗaya, kowace makaranta da rumbunta. Taura biyu ba ta taunuwa; haɗa kod ɗin kaɗai ya ishe ka aikin bana. Ka ƙara ƙaramin rumbu guda na tsakiya, wanda babu bayanin yaro ko ɗaya a cikinsa, sai jerin makarantu: sunan kowace, adireshinta na intanet, sunan rumbunta, da ko ta biya kuɗin zango. Kowace makaranta ta samu ƙaramin adireshi a ƙarƙashin babban adireshinka. Mai shiga ya zo ta ƙofar makarantarsa, manhaja ta duba jerin, ta haɗa shi da rumbun da ya dace, daga nan ba ta ganin kowa sai su. Takardar tsaron adireshi, wadda ke sa shafi ya buɗe da https, ba za ta ci maka kuɗi ba, tun 2018 cibiyar Let's Encrypt ke ba da wadda ke rufe dukkan ƙananan adireshi kyauta. Kowane rumbu kuma da nasa sunan shiga da kalmar sirri, kada ka yi mabuɗi ɗaya mai buɗe bakwai.

Wannan hanya ma tana da kuɗinta. Duk sauyin tebur sai an yi shi sau bakwai, gobe sau sha ɗaya. Ka rubuta umarni guda da zai bi jerin ya yi wa kowa, ya rubuta wadda ta yi nasara da wadda ta tsaya a hanya, ka fara gwada shi a rumbun gwaji mai ɗauke da sunayen ƙarya. Kuma in har yanzu a ƙaramin masaukin haɗaka kake, inda kake raba saba ɗaya da wasu mutane, lokacin kama sabar haya taka ta kanka ya yi.

Ranar da za ka sake tunani ita ce ranar da ƙananan makarantu ɗaruruwa ke yin rajista da kansu ba tare da sun gan ka ba. In Allah ya kai ka can, ka dubi PostgreSQL, wanda tun fitowar 9.5 a 2016 yake da tsaron layi-layi: rumbun da kansa yake ƙin nuna layin da ba na mai tambaya ba, ko da mai rubuta kod ya manta. Da ina da shi a lokacin, da dattijon nan bai kira ni ba. Sai dai ka sani, asusun da ya mallaki teburin yana tsallake wannan tsaro in ba an tilasta shi a kansa ba, don haka manhaja ba ta shiga da asusun mai gida. Abu ɗaya da za ka fara tun yanzu saboda wannan rana: a yau ɗalibi mai lamba 15 yana nan a rumbu bakwai. A sababbin tebura ka riƙa amfani da dogayen lambobin shaida da ba sa karo da juna, Laravel yana yin su.

Kada rabuwar rumbuna ta sa ka saki jiki, domin da zarar manhaja ta zama ɗaya, akwai wuraren da makarantun za su riƙa haɗuwa. Hotunan ɗalibai: kowace makaranta da jakarta, kuma kada hoto ya buɗu ga duk wanda ya san adireshinsa. Ma'ajiyar wucin gadi da ke sa shafi ya yi sauri: in ka ajiye abu da sunan "ma'aunin maki" kawai, makaranta ta biyu za ta ɗauki na ta farko, abin da ya faru ran nan ya dawo ta ƙofar baya, don haka kowane suna ya fara da lambar makaranta. Ayyukan da ke gudana a bayan fage, irin tura saƙon tes ga iyaye, su ma kowanne ya tafi da lambar makarantarsa a jikinsa.

Sai wanda ya fi damuna, kuma ina so ka gwada shi a daren nan. Ka shiga a matsayin uba, ka buɗe sakamakon ɗanka, ka dubi adireshin da ke sama. In ka ga lamba a ƙarshe, ka ƙara mata ɗaya. In sakamakon wani yaro ya buɗu, to duk zancen rumbu ya zama na baya. Da irin wannan ƙofar ce a 2019 aka gano takardu kusan miliyan 885 na kamfanin First American a Amurka suna buɗe ga duk mai sauya lamba, kuma ƙungiyar OWASP mai nazarin tsaron manhajoji ta sa raunin tantance izini a matsayi na ɗaya a jerinta na manyan haɗura na 2021. Kowane shafi ya tambayi abu biyu kafin ya nuna komai: wane ne wannan, kuma abin nan nasa ne? Ka rubuta gwaji mai sarrafa kansa da zai riƙa yin wannan yunƙurin kutse duk lokacin da za ka ɗora sabon gyara.

Duk makarantunka a mako ɗaya suke buga kati. Ka sa haɗa katuna ya bi layi a bayan fage, kada babbar makaranta ta danne saba ƙanana su kasa shiga. Kwafin ajiya kuma kowane dare, a wani wuri daban da sabar, sannan sau ɗaya a wata ka ɗauki guda ka mayar a kwamfutarka ka ga yana buɗuwa. A Janairun 2017 kamfanin manhaja na GitLab sun goge rumbunsu bisa kuskure, suka tarar hanyoyin ajiyarsu da dama ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kimanin awa shida.

Ka kuma san cewa doka ta shigo wannan sana'a. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma bambanta mai iko da bayanai da mai sarrafa su a madadinsa. Makaranta ce ta farko, kai ne na biyu. In bayanai suka fita, wajibinka ne ka sanar da makaranta ba tare da jinkiri ba, ita kuma tana da awa 72 ta sanar da hukumar in abin zai iya cutar da mutane. Bayanan yara kuma dokar ta ba izinin iyaye muhimmanci a kansu. Saboda haka kowace makaranta ku yi yarjejeniya a rubuce, ko da shafi biyu ne: bayanan nata ne, tana iya karɓar kwafinsu duk ranar da ta so, ga abin da take biya a kan kowane ɗalibi a zango, ga abin da zai faru in kun rabu.

Wannan ya kawo mu ga kawu. Tsoronsa yana kan hanya, kuma tsarin da na ba ka ya amsa shi. Zancen "manhajar tawa ce" kuwa, ina jin ba kod yake nema ba, me zai yi da shi? Mutum ne da ya buɗe maka ƙofa lokacin da babu wanda ya san ka, yanzu yana ganin abin da aka reno a gidansa yana yi wa abokin gasarsa aiki, kuma daga bakin wani ya ji shirinka. Kada ka yi wannan magana a WhatsApp. Ka je gida bayan la'asar, ka zauna ƙasa, ka fara da godiya. Ka ce: Kawu, bayanan makarantarka suna ɗakinsu su kaɗai, ga takarda na sa hannu cewa naka ne, ba mai gani. Ka ba makarantarsa rangwame na dindindin, ko ma kyauta in za ka iya, kuma duk sabon abu ita za ta fara samu. Sannan ka roƙe shi ya sa maka albarka a kan manhajar ta zama sana'arka, a rubuta hakan a takardar. In ya taɓa biyan ka kuɗin rubuta ta, ka sa lauya ya duba maganar kafin ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Abin da ba a rubuta ba tsakanin 'yan uwa, 'ya'ya ne suke gadon rigimarsa.

Makarantu huɗun nan ka gaya musu gaskiya: sai bayan dogon hutu, kuma kada ka karɓi ko kafin alƙalami yanzu. Wadda ta damu da kai za ta jira zango ɗaya. Kafin biki ka samu yaro ɗaya mai amana ka koya masa ɗora gyara da maido da kwafin ajiya, ka rubuta matakan a takarda, domin amarya tana da haƙƙin mijin da wayarsa ba ta tashinsa ƙarfe biyun dare, makarantun kuma suna da haƙƙin kada aikinsu ya tsaya ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai.

Ba ka faɗa mini ko ka koma makarantar da abin ya faru ba. In ba ka je ba, gobe da safe ka je. Ka gaya wa shugaban ainihin abin da ya faru da abin da kake yi don kada ya sake, ka buga sababbin katuna da kuɗinka, ka nemi ya haɗa ka da uban nan ka ba shi haƙuri da bakinka. Akwai yaron da ya kwana yana kuka a kan faɗuwar da bai yi ba. Ka tabbatar katinsa na gaskiya ya isa hannun mahaifinsa. In ka gama jera bambance-bambancen kwafin nan bakwai, ka sake rubuto mini mu duba waɗanda za su zama saiti da waɗanda za a zubar. Allah ya sanya alheri a auren.